A kula da ajiyar maganin cusawa lokacin bazara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Zafin Zariya ya kama, daga Maris zuwa Afrilu yakan kai digiri 40 da rana, shi ya sa nake so mu yi hattara da magungunan da ake haɗawa da mai ko kitse, musamman na cusawa ta dubura irin na basir da na zazzaɓin yara.

Irin wannan magani an yi shi ne don ya narke da ɗumin jiki, wajen digiri 37. To ɗaki mai rufin kwano a Tudun Wada ko Samaru yakan wuce haka da azahar. Idan ya narke ya sake daskarewa, kitsen ba ya komawa yadda yake tun farko. Sinadarin na iya taruwa gefe guda, ko ya riƙa fita a hankali fiye da yadda aka tsara, sai yaro ya kwana da zazzaɓi ana zaton maganin jabu ne.

A duba kwalin, yawanci za a ga an rubuta ƙasa da digiri 25 ko 30. Mai firji ya sa a ɓangaren ƙasa na firjin, ban da wurin ƙanƙara. Idan wuta ba ta tsayawa, a sa cikin roba mai murfi a ajiye gindin randa. Kada a bar shi cikin mota ko kan taga.

Ƙwayoyi masu laushi kamar na man kifi kuwa, zafi da danshin damina ke sa su manne. Wanda ya canza siffa ko yake warin tsohon mai, a nuna wa mai kemis kafin a yi amfani da shi.