Kurakuran da 'yan gem ke yi da wasannin Feral Interactive, da yadda za a gyara

Akwai wani kamfani a Landan mai suna Feral Interactive, tun 1996 yake, kuma aikinsa shi ne ya ɗauko gem ɗin da wasu suka ƙera domin kwamfuta ya sake masa gini yadda zai yi aiki a Mac ko Linux ko iPhone ko Android ko Nintendo Switch. Duk wanda ya taɓa buga GRID Autosport ko Rome: Total War ko Company of Heroes a waya to aikinsu ya buga ko bai sani ba. Ni dai ina ganin ƙimar aikin nan sosai, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga mutum ya ba gem ɗin tauraro ɗaya yana cewa ai damfara ce, alhali in ka bi diddigi matsalar daga wajensa take.

Babban kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne mutum ya ɗauka duk gem ɗin da ke Play Store ɗaya ne. A'a wallahi. Waɗannan ba irin ƙananan gem ɗin da kake bugawa kana jiran a sallame ka a banki ba ne, cikakken gem ɗin kwamfuta ne aka matse shi ya shiga waya. Ɗauki Alien: Isolation, a 2014 ya fito a kwamfuta da PlayStation da Xbox, Feral suka kai shi Switch a 2019 sannan waya a ƙarshen 2021, kuma ba su yanke labarin ba, gaba ɗayansa ne. To abin da aka yi wa injin gem na falo kake so wayar da ko WhatsApp da TikTok ba ta iya riƙewa tare ta ɗauka? Gyaran mai sauƙi ne, kafin ka biya ka gangara ƙasa a shafin gem ɗin ka karanta bayanin, Feral suna jera sunayen wayoyin da suka gwada ɗaya bayan ɗaya, kuma wayoyin da suka san ba za su iya ba suna toshe su ma daga saye. Idan Play Store ya ce maka wayarka ba ta dace ba, ba wulaƙanci ba ne, kuɗinka aka tsare maka.

Nan ne kuma ake faɗawa rami na biyu, wanda ya fi na farkon muni. Mutum ya ga an toshe shi sai ya tafi wani shafi ya sauko da APK da fayil ɗin OBB, wato fayil ɗin saka gem ɗin da na kayan cikinsa, ya kwana yana ƙona data, da safe ya buɗe sai baƙin allo, ko tambarin kamfanin ya fito sannan gem ɗin ya fita da kansa. Sai ya goge ya sake saukewa daga wani shafin daban, nan ma haka. Ɗan'uwa ba fayil ɗin ba ne matsalar, firosesar wayar ce, wato ƙwaƙwalwarta, da ɓangaren da ke zana hoto, kuma babu APK ɗin da zai canza abin da ke cikin ƙarfen waya. Ga shi irin waɗannan fayilolin ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, a wayar da manhajar bankinka take. Ni shawarata a bar wannan hanyar kwata-kwata, ga haɗari ga kuma cin gumin mutane, domin kamfanin da sayar da gem ɗin kawai yake samu, babu talla a ciki balle a ce ta nan yake mayar da kuɗinsa.

Sai maganar RAM, wannan kam tana ruɗa mutanenmu sosai. Za ka ga an rubuta a kwalin waya 8GB+8GB, mutum ya ce ai wayata RAM 16 ce me zai hana. Wancan ƙarin ba RAM ɗin gaske ba ne, wani yanki ne aka aro daga ma'ajin wayar kuma bai kai na ainihi sauri ba ko kusa, gem mai nauyi ba ya amfana da shi wani abin kirki. Ka shiga saitin ka duba na ainihin, sannan ka duba sunan firosesar, ita ce ma ta fi muhimmanci. Waya mai Snapdragon na jerin 8 ko da ta kwana biyu tana iya fin sabuwa fil mai ƙaramar firosesa jan gem.

Wuri ma haka. Alien: Isolation kaɗai yana cin wajen 11GB, kuma su kansu Feral suna ba da shawarar ka bar wuri kusan ninkin haka lokacin sakawa, saboda fayilolin sai sun sauka sannan a warware su. Mutane sai su bar daidai adadin cif, abu ya kai ƙarshe ya tsaya, data ta tafi a banza. Ka share bidiyoyin biki da na guruf tukuna, ka nemi Wi-Fi ko ka jira datar dare, ka jona caji.

Wani kuskuren kuma na rashin sanin wa ya yi me ne. Creative Assembly ne suka ƙera Total War, Codemasters suka yi GRID, Firaxis suka yi XCOM 2, Relic Entertainment suka yi Company of Heroes, IO Interactive kuma Hitman. Feral sauya wa gem ɗin gida suka yi. To in gem ɗin yana maƙalewa a wayarka ko a Mac ɗinka Feral za ka rubuta wa, ka faɗi samfurin wayar da lambar Android ɗinka da daidai inda abin ke faruwa, ba ka je kana ƙorafi a shafin wanda ya ƙera na asali ba. Haka nan in ka saya a Android ba ka mallaki na iPhone ba, kasuwa biyu ce daban, in ka canza waya daga wannan zuwa wancan sai ka sake biya, kuma mallakar gem ɗin a Steam, kasuwar sayen gem ta kwamfuta, ba ya ba ka na waya.

Masu Mac su ma da nasu. A 2019 Apple ta fitar da macOS Catalina ta daina karɓar manhajoji masu 32-bit gaba ɗaya, sai tsofaffin gem da yawa suka daina buɗewa, har da wasu na Feral. Ga kuma canjin 2020 da Apple ta fara barin firosesar Intel ta koma tata mai suna M1. Saboda haka wanda ya sayi MacBook na hannu kada ya ga alamar tuffa ta Apple a Steam ya danna saye kawai, ya fara duba wane macOS gem ɗin yake so da kuma wace firosesa. Misali tsohon Rome: Total War ba shi ne abin nema ba yanzu, Total War: Rome Remastered na 2021 da Feral suka yi tare da Creative Assembly shi ne na zamani. In kuma an riga an saya bai yi ba, Steam na mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 ba kuma ba a buga awa 2 ba, Play Store ma ana iya neman kuɗi cikin awa 48, amma mutane sai su yi ta fama da gem ɗin sati guda har lokacin ya wuce.

Zafi kuma kar a raina shi, musamman mu da ke fama da rana a watan Maris da Afrilu. Za ka ga GRID na tafiya sumul minti goma na farko, daga nan sai motar ta fara tsalle-tsalle, bayan wayar ya yi zafi ka kasa riƙewa da kyau, mutum ya ce gem ɗin ya lalace. Wayar ce ta rage wa kanta gudu don kar ta ƙone. Ka cire kondon roban, kar ka buga tana caji, ka zauna gaban fanka, in gem ɗin yana da zaɓin hoto ka sauke shi zuwa na adana batir, hoton zai ɗan ragu amma tseren zai tafi daidai.

Na ƙarshen da zan ambata shi ne saurin yanke hukunci kan sarrafawa. Rome da Medieval II, gem ɗin yaƙi na jerin Total War, an yi su ne don mawus da kibod, Feral suka sake tsara su gaba ɗaya don yatsa, ka zana layi a allo rundunarka ta bi, ka tsayar da yaƙin ka ba da umarni sannan ka ci gaba. Wanda ya tsallake darasin farko ba zai taɓa gano wannan ba, sai ya ce ba ya buguwa. A yi haƙuri a bi darasin har ƙarshe. Su GRID da Alien da Hitman kuwa suna karɓar kontirola ta Bluetooth, in kana da ta PlayStation ko Xbox a gida ka jona ta ka gwada kafin ka ce za ka goge.