Yadda na hana manhajar ces ɗina mutuwa a kan agogo

Manhajar wasan ces da nake rubutawa a shagonmu na Birni, nan Damagaram, ta sha ba ni kunya. Na ƙayyade mata hangen taku 6. Idan allo ya cika da 'ya'ya sai ta yi tsit, fankar kwamfuta na gurnani, har lokacinta ya ƙare. Ƙanena ya cinye ta sau uku yana kurɓar shayi.

Sai na sa ta fara da zurfi 1, wato hangen taku ɗaya kacal, ta gama, ta koma 2, sannan 3, har agogo ya kusa cika, kowane zagaye tana ajiye takun da ya fi. Da fari na ɗauka ɓarnar aiki ce. Ashe kowane matsayi yana da taku kusan 35, don haka zagayen baya ba su kai komai ba kusa da na ƙarshe. Takun da ya yi fice a baya kuma shi take fara gwadawa, sai alfa-beta, dabarar tsallake takun da ba zai canza sakamako ba, ta datse rassan bincike da yawa.

Inda na sha wuya: idan lokaci ya katse zagaye a tsakiya, ya fi aminci a zubar da sakamakonsa, a yi takun zagayen da ya kammala. Kafin in gane haka, sarauniya sukutum, wadda ta fi duk 'ya'yan allo ƙarfi, ta bayar kyauta.