Yadda ake ɗinka wa yaro wando da riga a gida, ba sai an jira tela ba

Daren jajiberin ƙaramar Sallah, shekara uku da suka wuce, ina zaune a kan benci a ƙofar shagon wani tela a nan Garwa har wajen sha ɗayan dare, ga 'yar autata ta yi barci a cinyata. Tun goma ga azumi na kai masa yadin yara huɗu. Da ya tashi zaro ledata daga ƙarƙashin tebur, ko inuwar almakashi ba ta gani ba. "Hajiya, a yi haƙuri, wuta ce ba a samu ba." Keken nasa kuwa na ƙafa ne.

Bayan Sallah da kwana biyu na tafi Yelwa wurin goggona, wadda ke da tsohon keken Butterfly tun na aurenta. Na ce, "Goggo, koya mini za ki yi." Ta ce, "Ɗauko mini wandon yaronki wanda ya fi zama masa daidai." Na ce ai na zo da tef ɗin awo. Ta yi dariya ta ce in ajiye shi tukuna, wandon ya riga ya auna yaron. Abin da zan nuna miki ke nan, 'yar'uwa, da 'yan abubuwan da na ƙara daga baya bayan na ɓata yadi ba kaɗan ba.

Kayan aiki ba su da yawa: keken ɗinki ko da na aro ne, allura lamba 14, zare, almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai yadi, alli, fil, robar ƙugu mai faɗin santimita 2, dutsen guga, da babbar takarda. Ta buhun siminti ta fi jarida ƙwari, a kakkaɓe ta a goge.

Zaɓen yadi

Ga yaron da zai yi Maris da Afrilu a Garwa ko Marwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, auduga zalla ce mafita. Abin takaici, a Garwa, garin da hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON take tun 1974, garin da masana'antar atamfa ta CICAM ta kafa masaƙarta, kasuwa cike take da yadi mai leda da ake sayarwa da sunan atamfa. Ga sheƙi ga araha, amma ba ya shan gumi, kwana biyu sai ki ga ƙurajen zafi sun feso wa yaro a wuya da hammata. Idan kina shakka, ki zare 'yan zarurruka daga bakin yadin ki kusantar da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Mai leda narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri, ga wari. Wannan narkewar ce ma babban dalilina na ƙin sa, domin 'ya'yanmu ba sa rabuwa da gindin murhu, kuma yadin da ya narke mannewa yake a fata.

Ba lallai ki sayi sabo ba. Turmi yadi shida ne, kusan mita biyar da rabi, kuma da wuya ɗinkin babba ya cinye shi tas. Yadi ɗaya, wato santimita 91, ya isa wandon ɗan shekara huɗu ko biyar. Ragowar atamfar 8 ga Maris, ta bikin Ranar Mata ta Duniya, da ke jibge a akwatin kowace mace a Kamaru tana yin rigar yarinya, sai dai ki kauce wa wurin da rubutu yake. Tsohon kaftanin maigida na shadda da wuyansa ya cinye shi ma yana fitar da wando biyu, ga laushi don ya sha wanki.

Sabon yadi kuwa, ki wanke shi kafin ki yanka. Kar ki tsallake wannan. Auduga tana motsewa a wankin farko, kuma a nan za ki gane ko tana zuba. Takardar da ake mannawa a jikin atamfa, ki ɗora mata dutsen guga mai ɗumi ta bayan yadin, za ta ɓanɓaru ba tare da ta bar danƙo ba. Ki shanya a inuwa, ki goge ya miƙe.

Wando mai roba, da shi ake fari

Ki ɗauko wandon da ya yi wa yaron daidai, ki ninka shi biyu ƙafa kan ƙafa, ki jawo hantsar waje har ta yi tsini kamar bakin ƙugiya. Ki shimfiɗa a kan takarda ki zagaye da alli ko biro. Da kin zo ƙugu, ki sa wani ya ja miki robar ta miƙe sarai kafin ki zana. A nan na fara faɗuwa: na zana ƙugun a tsuke yadda roba ta tattara shi, da aka gama wandon ya ƙi wuce cinyar yaron, sai ƙaninsa ya gada tun bai sa ba.

Yanzu ki ƙara a jikin zanen. Ta gefen hantsa da cikin ƙafa, santimita ɗaya da rabi don ɗinki. Ta sama, santimita 4 don gidan roba. Ta ƙasa kuwa santimita 7, kuma da gangan na ce 7. Yaro daga shekara huɗu zuwa balaga yana ƙara kamar santimita 5 zuwa 6 na tsawo a shekara, kuma yawancinsa a ƙafa yake fitowa. Mutanenmu sun san da haka, shi ya sa suke cewa tela ya yi shi da girma, sai ka ga yaro ranar Sallah yana jan wando a ƙasa kamar an aro masa. Kafin ya cika shi ya koɗe. Dabarar Goggo ita ce a ɗinka daidai jikinsa na yau, a ɓoye girman a cikin kalmasa, baɗi a farke a saki. Miƙaƙƙen gefen waje ba a ƙara masa komai, don a kan ninki zai zauna.

Ki yanke takardar. Ki ninka yadi, ki ɗora miƙaƙƙen gefen takardar daidai kan ninkin, ki kafe da fil, ki yanka. Ki sake yin haka sau ɗaya. Kin sami falle biyu ke nan, kowanne ƙafa guda. Kafin almakashi ya shiga, ki dubi zanen atamfar. Idan mai tsuntsu ce ko mai fure da ke kallon sama, ki tabbata duka ƙafafun suna kallon wuri ɗaya. Akwai wandon da na yi wa ɗana, kajin ƙafar dama a tsaye, na hagu kai a ƙasa. Har yau yayyensa ba su bar shi ya huta ba.

Ki buɗe fallayen biyu, ki haɗa su fuska da fuska. Za ki ga lanƙwasa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, daga ƙugu zuwa tsinin hantsa. Su kaɗai za ki ɗinke yanzu, ki tsaya a tsinin, kar ki gangara ƙafa. Sai ki ɗaga wandon ki kama tsakiyar ƙugu ki juya shi yadda ɗinkin nan biyu za su hau kan juna a tsakiya, ɗaya gaba ɗaya baya. Nan take za ki ga siffar wando ta fito. Ki haɗa hantsa da hantsa da fil, sannan ki ɗinke cikin ƙafa a tafiya ɗaya: daga idon sawun dama, ki hau, ki ratsa hantsa, ki sauka zuwa na hagu.

Hantsa ita ce rayuwar wandon yaro. A nan yake tsugunawa, a nan yake hawa katanga da bishiyar mangwaro, a nan yake buɗe ƙafa ya tare ƙwallo. Ki bi ta sau biyu, layi na biyu kusa da na farko, ki kuma rage tsawon takun ɗinkin. A cikin lanƙwasar, ki ɗan tsattsaga rarar yadin da bakin almakashi wuri uku ko huɗu, ba tare da kin taɓa zare ba, don kada ta tattare ta dame shi. Tsofaffin kekunan nan na ƙarfe miƙaƙƙen ɗinki kawai suke yi, ba sa daje baki. To ko ki kai wa mai injin dajiya ya bi miki, ko ki lanƙwasa bakin kowane gefe ciki ki bi da ɗinki, in ba haka ba wanki uku zare zai fara zubowa.

Kafin gidan roba, ki zaɓi gefen da zai zama gaba, ki rage masa santimita 2 a tsakiya, ki tafi da yankan a hankali har ya ɓace a gefuna. Baya yana bukatar tsawo fiye da gaba, musamman ga wanda bai bar nafkin ba. Sai ki ninka saman santimita 1 ki goge, ki sake ninka 3 ki goge, ki ɗinke kewaye ki bar 'yar ƙofa kamar faɗin yatsa biyu. Ki auna ƙugun yaron da robar kanta, ba a ja ba, ki rage santimita 2 ki yanka. Ki soka fil mai rufe baki a kanta ki zura ta zagayo, ki ɗora baki kan baki, ki ɗinke da kyau. Kar ki rufe ƙofar sai ya gwada. Idan yatsunki biyu sun shiga tsakanin roba da cikinsa ba tare da ƙoƙari ba, ta yi. Idan kin cire kin ga sawu a fatarsa, ta matse. Ki maƙala ɗan ƙyalle mai launi daban a ciki ta baya, yaro ya san gaba da baya da kansa.

Ƙafa kuma ki ninka 1, ki ninka 6, ki ɗinke da dogon taku mai sauƙin farkewa.

Rigar yarinya mai tattara

Wadda ta iya wando ta yi rabin hanya. Ki ninka rigar da ta yi mata daidai gida biyu a tsaye, ki tura hannuwan ciki, ki zana daga kafaɗa zuwa ɗan saman cibiya. Ki ƙara ɗaya da rabi ko'ina ban da tsakiya. Gaba a yanka shi a kan ninki, falle ɗaya. Baya falle biyu, kowanne da ƙarin santimita 3 a tsakiya don maɓalli.

Wannan tsagar ta baya ba ado ba ce. Kan ƙaramin yaro babba ne a kan jikinsa: na 'yar shekara biyu yana kai santimita 48 a kewaye, kusan daidai da ƙirjinta. Atamfa kuma ba ta miƙewa kamar rigar gwanjo mai roba-roba. In kin yi wuyan da zai wuce kai ba tsaga, zai zame daga kafaɗa. In kin yi daidai wuya, sai an yi kokawa da kuka kafin ta shiga.

Hanya mafi sauƙi ta gyara wuya da hammata ita ce shafi. Ki yanka irin fallayen nan sak a farin yadin auduga marar nauyi. Ki haɗa kafaɗun atamfa daban, na shafi daban, ki kifa su fuska da fuska, ki ɗinke wuya da bakin tsagar baya da hammata biyu, ki tsattsaga lanƙwasa, sannan ki jawo kowane fallen baya ta cikin kafaɗa ya fito gaba. Karon farko za ki rantse ba zai fito ba. Zai fito. Ki goge sosai, sannan ki ɗinke gefuna. Marar hannu ta fi dacewa da zafinmu, in hunturu ya shigo ko za a je Ngaundare, a ɗora mata rigar sanyi.

Ƙasan rigar miƙaƙƙen yadi ne kawai, faɗinsa ya ninka kewayen saman sau ɗaya da rabi, ko sau biyu in kina son ta buɗe kamar lema. Faɗin atamfa guda yana isar 'yar shekara uku ko huɗu. Ki haɗa bakinsa ya zama zobe, ki bar santimita 6 a sama ba ɗinki, ya zama ci gaban tsagar baya. Ki sa keke a taku mafi tsawo, ki yi layi biyu a jere a saman ba tare da kin ƙulle bakin zare ba, ki kama zarurrukan ƙasa guda biyu ki ja a hankali yadin yana tattaruwa. Layi ɗaya yakan tsinke ana tsakiyar ja, ki koma farko. Ki raba tattarar da farce ta yi daidai ko'ina, ki haɗa da saman, ki ɗinke. Kalmasar ƙasa ita ma ki yi ta mai zurfi.

Ga 'yan ƙasa da shekara uku, ban da duwatsun ado, ban da ƙananan maɓallai a gaba inda hannu zai kai, domin komai baki suke kaiwa. Ban da igiya a wuya kuma, ko ta ado ce. Maɓallin baya ki ɗinka shi da zare ninki biyu, ki ja shi da ƙarfi ki gani kafin ki sa mata.

Idan keke ya fara yi miki gardama, yana tara zare a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu, kar ki taɓa kwarkwaro, wato mazaunin zaren ƙasa, tukuna. Yawanci zaren sama ne bai zauna a hanyarsa ba: ki ɗaga 'yar ƙafar da ke danne yadi, ki zare shi gaba ɗaya, ki sake zurawa. In yana tsallake taku, allura ce ta dakushe ko ta juya. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina, don haka ki riƙa share ƙarƙashin farantin allura da tsohon buroshin haƙori, ki ɗiga man keke, ba man gyaɗa ba, wanda ke daskarewa ya kama ƙarfe.

Takardun da kika yanka kar ki yar. Ki rubuta sunan yaro da wata da shekara a jikin kowacce, ki huda ki rataye a ƙusa. Kafin a koma makaranta a Satumba, ki sauko da ta bara ki ɗora a kan sabuwar takarda, ki ƙara 5 a tsawon ƙafa da 1 a gefe, ki yanka a yadin yunifom.