Yadda Ake Kwaikwayon Buɗewar Laimar Sauka a Kwamfuta

Abin da ke sa wannan aiki wuya shi ne iska da yadi kowanne yana sauya ɗan'uwansa: iska ta shiga ta kumbura laima (wato wadda ke rage gudun abin da ke saukowa daga sama), kumburin kuma ya karkatar da hanyar iskar, duk cikin ƙiftawar ido. Saboda haka dole a lissafa su tare.

Da farko a zana siffar laimar da igiyoyinta, sannan a rarraba yadin zuwa ƙananan yankuna masu kama da raga, a kuma yi wa sararin da ke kewaye da ita irin wannan rabo. A shigar da nauyin yadin da yadda yake miƙewa idan an ja shi, domin nailan da Kevlar (wani zare mai ƙarfi sosai) ba halinsu ɗaya ba.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi so mai koyo ya tsaya a kansa. Yadin laima ba bango ba ne. Iska tana ratsa ƙananan ƙofofin saƙarsa, kuma wannan ɗigar ce ke rage girgiza da ƙarfin fizgar farko. Ana auna ta a ɗakin gwaji, inda ake matse ƙyallen a bakin bututu a ga yawan iskar da ke wucewa gwargwadon matsi, sai a mayar da sakamakon cikin lissafi ta hanyar ƙa'idar Darcy, wadda ke bayyana yadda ruwa ko iska ke ratsa abu mai ƙananan ƙofofi. Wanda ya ɗauki yadin tamkar roba mara ƙofa zai samu laimar da ke buɗewa da ƙarfin da ya wuce gaskiya.

Daga nan manhaja irin su LS-DYNA za ta warware lissafin Navier-Stokes na motsin iska, ta miƙa matsin ga yadi, yadin ya motsa, a sake lissafi a ɗan taƙaitaccen lokaci na gaba. A lura da inda ninkin yadi ke haɗuwa da juna, domin nan lissafi ya fi yawan rikicewa.

A ƙarshe a gwada sakamakon da gwaji na zahiri. Kafin motar bincike mai suna Perseverance ta sauka a duniyar Mars a watan Fabrairun 2021 da laima mai faɗin mita 21.5, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba irinta da rokoki zuwa sararin sama mai siririyar iska a 2017 da 2018, ta auna yadda ta buɗe cikin gudun da ya zarce na sauti.