Yadda ake busar da fentin ruwa kada bango ya yi gari

Da an shafa bango an ga farin gari a tafin hannu, sai a ce an sayo jabun fenti a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Wani lokacin haka ne, amma galibi wurin bushewa aikin ya lalace.

A cikin bokitin emulshan, wato fentin ruwa, akwai ruwa, da garin launi, da ƙananan ƙwayoyin roba masu aikin danƙo. Ruwan na tashi, ƙwayoyin na matsowa kusa da juna har su manne su zama fata guda wadda za ta riƙe launin. In ruwan ya gudu kafin su gama mannewa, launin ya rasa mai riƙe shi. Daga nan sai gari, da dusashewa, da tsagewa.

Da farko ka bar sabon filasta ya yi kamar kwana 28. Na san mai gida zai matsa maka saboda biki ya ƙarato, ka ba shi haƙuri. Sannan ka goge ƙura, ka yi shafin farko mai ruwa-ruwa don bangon ya sha ya ƙoshi. Bango mai ƙishirwa yakan zuƙe ruwan da danƙon tare, ya bar launin tsirara a waje.

Sai babban abin: bi inuwa. Bangon da ke kallon yamma da safe, mai kallon gabas bayan azahar. A bazarar Kano zafi na kaiwa digiri 40, bangon da ya wuni a rana kuwa ya fi haka. Fentin da ya hau kansa samansa ne ke bushewa nan take, ƙasan na ɗanye, sawun rola ya fito ɓaro-ɓaro. Hunturu ma haka yake yi ko ba rana, ga ƙura da ke mannewa ta sa bango kaushi, don haka a cikin ɗaki ka tura tagar da iska ke bugowa. Kada ka saita fanka a jikin bango.

Da damina kuma abin ya juya. Laima na jinkirta bushewa, har ka ga layuka masu danƙo suna gangarowa. Buɗe tagogi, kuma in hadari ya haɗo kada ka taɓa bangon waje.

Tsakanin shafi da shafi ka ba da awa 2 zuwa 4, ko abin da aka rubuta a jikin bokitin. Wanke bango kuwa sai bayan kamar wata guda, lokacin fatar ta gama ƙwari.