Darasi na Bakwai: Zaɓen Fitila da Auna Haske don Renon Iri a Cikin Ɗaki

Da haske shuka take dafa abincinta. Saiwa ta jawo ruwa, ganye ya sha iska, haske kuma shi ne wutar murhun. In wutar ta yi kaɗan, ko buhun taki kuka zuba, shukar da yunwa za ta kwana.

Kafin ku kashe ko kwabo, ku riƙe wannan: babu fitilar da ta kama ƙafar ranar ƙasarmu, ga shi kuma kyauta ce. Amfanin fitila a wurinmu iri biyu ne. Na farko, renon irin tumatir, tattasai da attaruhu a makonninsu na farko, a ɗakin da ruwan sama mai ƙarfi ba zai doke su ba, farin ƙuda mai yaɗa cutar nannaɗewar ganye ba zai sauka a kansu ba, haka ma tsutsar Tuta absoluta da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Na biyu, ganye irin latas da na'ana'a ga mazauna birni da ba su da fili.

Ido yana ruɗin mutum

Ɗakin da kuke karanta wannan littafi kuna ganinsa tar, amma a wurin shuka duhu ne. Idon mutum yana buɗewa ya saba da ɗan haske, ganye kuwa ba haka yake ba. Don haka ba a auna hasken shuka da ido.

Ma'auni biyu za ku riƙa cin karo da su. Luks ma'aunin hasken da ido ke gani ne. Ɗakin zama yakan samu luks 100 zuwa 300, tsakar rana a fili kuwa takan kai 100,000. Ɗaya ma'aunin shi ne wanda ake rubutawa PPFD a kwalin fitilar shuka, ana ƙirga shi da maikuromol. Shi ne yawan hasken da ganye ke iya amfani da shi wanda ke sauka a murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Tsakar rana tana ba da kusan 2,000. Ɗakin zama bai kai 5 ba.

Na'urar auna maikuromol tana da tsada, amma akwai hanya mai sauƙi. Ku sami ƙaramar mitar luks, ko ku sauke manhajar auna haske a waya. Ku ajiye ta daidai tsayin ganyen sama, fuskarta na kallon fitila. In fitilar farar LED ce, ku raba abin da ta nuna da 70. Luks 14,000 ke nan ya zama maikuromol 200. Lissafin na kusa-kusa ne, waya ma takan ɗan yi kuskure, amma ya fi kintace nesa ba kusa ba. Ku auna a tsakiya, ku auna a kusurwa huɗu, domin gefe kullum a baya yake.

Nawa ne ya isa

Irin da ya fito yau, mai ganyen fari guda biyu, maikuromol 100 zuwa 150 ya ishe shi. Da ganyen gaskiya sun fara fitowa, sai a ɗaga zuwa 200 ko 250. Latas ma nan ne wurinsa.

Ƙarfin haske kaɗai bai gama magana ba, sai an haɗa da awa nawa ya yi a kunne. Kamar tulu ne a ƙarƙashin famfo: ƙarfin zubar ruwan da daɗewarsa su ne ke cika shi. Ga lissafin abin da shuka ta tara a yini. Ku ninka maikuromol da awowi, ku ninka da 36, ku raba da 10,000. Misali 200 sau 16 ya ba da 3,200. Sau 36 ya ba da 115,200. A raba da 10,000, an sami 11.5. Wannan adadi ana kiransa mol. Irin dashe yana son mol 10 zuwa 15 a yini, latas 12 zuwa 17, tumatir mai 'ya'ya kuwa 20 zuwa 30.

Ku dubi wannan na ƙarshe da kyau. Don a ba tumatir mol 25 a murabba'in mita ɗaya, sai fitila mai kyau ta wat 200 ko fiye ta yi awa 16 kullum. Yunit uku da 'yan kai na wutar lantarki ke nan a yini, wata uku a jere, saboda gindi biyu ko uku kacal. Tumatirin da za a tsinka ba zai biya kuɗin wutar ba. A bar wa rana wannan aikin.

Kada kuma ku ce bari a bar fitila dare da rana don a cike giɓi. Tumatir in ya kwana ya yini cikin haske ba hutu, ganyensa kan yi ɗigo-ɗigon rawaya ya lalace. Awa 14 zuwa 16 na haske, sauran duhu.

Wace fitila

Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, ku manta da shi. Yawancin wutar da yake sha zafi take zama, hasken da yake bayarwa kuma yana sa kara ya yi tsawo ba ƙwari. Dogon ƙwai irin na da yana reno, sai dai ya fi LED shan wuta. Manyan fitilun sodiyom masu hasken ruwan lemo, da aka daɗe ana amfani da su a gidajen gilashi na Holan, suna da ƙarfi, amma zafinsu a ƙaramin ɗaki a watan Afrilu zai dafa irin.

LED ita ce zaɓi, kuma fara. Ku duba lambar da ke da harafin K a jikinta: daga 4000K zuwa 6500K ta dace da reno da ganye. Masu hasken shunayya, ja haɗe da shuɗi, suna aiki, amma a ƙarƙashinsu ba za ku gane ganye ya yi rawaya ko ƙwaro ya kama shi ba sai abu ya yi nisa, mitar luks ma ba ta auna su daidai.

A nan ne ake yawan cutar masu saye. Za ku ga kwali an rubuta wat 1000 da manyan baƙaƙe, alhali abin da fitilar ke ja daga soket bai wuce 100 ko 150 ba. Ku nemi ƙaramin rubutun da ke bayan fitilar, inda aka faɗi ainihin wutar da take sha, ko ku sa mai gyaran wuta ya gwada muku da mita. Fitilar shuka ta kirki tana ba da maikuromol 2.5 ko fiye a kan kowane wat. LED ta gida, ta kasuwa, wajen 1.5 take bayarwa. Wanda ya ƙi faɗin wannan adadi a kwalinsa, ku ɗauka tasa ta gida ce, kada ku biya kuɗin ta musamman.

Ta gidan ma ba abin rainawa ba ce. Ku ɗauki kantar ɗora tiren iri mai tsawon santimita 120 da faɗin 60. Ku jera dogayen LED guda shida masu wat 18, tazararsu ɗaya, jimla wat 108. In an rataye su kusa, za su sauke wajen maikuromol 180 a kan tire. A awa 16 an haura mol 10. Guda huɗu za su tsirar da iri, amma ba za su riƙe shi har dashe ba.

Tsayin rataya

Haske yana raguwa da sauri in an yi nisa. Ƙwai guda in kuka ninka nisansa biyu, abin da ke isa ga ganye yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Dogayen fitilu da aka jera ba sa faɗuwa haka sosai, amma suna faɗuwa. Fitilar da ke manne a silin ba ta renon komai.

Dogayen LED su tsaya santimita 10 zuwa 15 sama da ganye. Faffaɗar fitilar shuka mai wat 100 na gaskiya kuwa a fara da santimita 50 ko 60, a riƙa saukowa kaɗan-kaɗan ana aunawa. Ku rataye da sarƙa don ku riƙa ɗagawa yayin da shuka ke tasowa, ku shafa farin fenti a bangon da ke kewaye don ya maido hasken da ke tserewa. Duk bayan kwana biyu ku juya tire, na gefe ya dawo tsakiya.

Shukar da kanta za ta gaya muku. In kara ya yi tsawo siriri, fari-fari, tazara tsakanin ganye ta yi yawa, yana karkata wajen fitila har ya kwanta, haske ya yi kaɗan. Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa, kuma irin da ya riga ya miƙe haka ba ya komawa. In kuwa ganyen sama kaɗai ne suka koɗe, bakinsu ya naɗe sama, na ƙasa suna kore shar, haske ko zafi ya yi yawa. Rawayar da ta faro daga ganyen ƙasa galibi yunwar taki ce ko ruwa ya yi yawa, kada a ɗora wa fitila laifi. Ku sa bayan hannu daidai kan ganye na rabin minti. In ya dame ku, ya dami shukar.

Wuta, zafi da tsaro

Wat 108 a awa 16 yunit 1.7 ne a yini, wajen 52 a wata. Masu sola su lura: batir mai bolt 12 da amfiya 200, irin mai ruwa, rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, wato yunit 1.2. Shi kaɗai ba zai kai ba. Ku sa yawancin awowin haske su faɗo da rana, lokacin da farantin sola ke aiki, batir ya ɗauki na asuba da na magariba.

Kusan duk wutar da fitila ta sha zafi take komawa a cikin ɗakin. Irin tumatir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 da 27, latas kuma in zafi ya yi yawa sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Ku sa ƙaramar fanka tana kaɗa ganyen a hankali. Tana rage zafi, tana ƙarfafa kara, tana busar da damshin da ke ruɓar da gindin iri. Tagar kuma a rufe ta da raga mai ƙananan ido, in ba haka ba ƙwarin da aka gudo sun biyo ku.

Ku sayi agogon kunnawa da kashewa mai batir a ciki. Mai juyawa da wuta yakan tsaya duk sanda aka ɗauke wuta, lokacinsa ya rikice. Soket da mahaɗar waya su kasance sama da kanta, ba ƙasa inda ruwa ke ɗiga ba. A kashe fitila kafin ban-ruwa, kuma a sa wa mai jikin ƙarfe wayar ƙasa.

Fita rana

Tumatir kan isa dashe a mako huɗu zuwa biyar, tattasai da attaruhu shida zuwa takwas. Irin da ya saba da 200, in aka kai shi ƙarƙashin 2,000 kai tsaye, yini ɗaya ya isa ganyensa ya ƙone fari fat. Ku ba shi kwana bakwai zuwa goma yana sabawa. Ranar farko awa ɗaya a hantsi, sai inuwa. Kullum a ƙara awa ɗaya, a ɗan rage ruwa. Ranar dashe a bari sai la'asar.

Aikin gida

Malama ta auna tirenta ta sami luks 10,500 a ƙarƙashin farar LED, tana kunnawa awa 14. Maikuromol nawa ke nan? Mol nawa irin ke tarawa a yini? Ya isa irin tumatir mai mako uku? In bai isa ba, ku kawo hanya biyu da za ta bi ba tare da ta sayi sabuwar fitila ba.