Yadda zaka raba agwaginka da cunkoso kafin ciwo ya shigo

Ɗan'uwa in kana kiwon agwagi kaga suna ta ɗingishi, ido na kwantsa, gashi duk ya cukurkuɗe, kafin ka ruga sayen magani dan Allah fara tsayawa ka ƙirga guda nawa ka tara a ɗakin nan. Mutane da yawa lissafin kaji suke yi wa agwagwa, alhali ba ɗaya bane. Agwagwa tana shan ruwa sosai, kashinta ruwa-ruwa ne, ga wasa da ruwa, ga shi yawancin irinta basa hawa sanda su kwana kamar kaza, a ƙasan nan take kwana take wuni, toh in sun yi yawa shimfiɗar bata taɓa bushewa, kuma daga nan matsalar take farawa.

Fara da awo. Auna tsawo da faɗin ɗakin da mita ka ninka. Manyan agwagi kar su wuce 3 a murabba'in mita ɗaya, ɗakin mita 3 da mita 4 kenan 36 zai ɗauka, shima in suna da filin fita da rana. Kuma kayi lissafin da girman da zasu kai, ba yadda suke ranar da ka kawo su ba. Irin Pekin a sati 7 tana kai kusan kilo 3, ɗakin da ka gani wayam a satin farko kafin wata ya cika sun toshe shi.

Sai shimfiɗa, nan ne nafi so ka kula. Zuba dusar katako ko buntun shinkafa kaurin santimita 8 zuwa 10. Kullum da safe damƙi kaɗan a hannu ka matse, in ya dunƙule bai warware ba to ya jiƙe, kwashe wurin ka zuba busasshe. Sannan ka tsuguna daidai tsayin kansu ka shaƙa, saboda a tsaye ba lallai ka ji ba. In wari ya buge ka har ido na yaji amoniya ce, wato iskar da ke tashi daga kashinsu, ita ke ƙona musu ido da hanyar numfashi, cuta ta samu ƙofa. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa tana cin tafin ƙafarsu har ya tsage ya kumbura, in kuma ta yi funfuna tana kama huhun 'yan ƙanana, wannan kam in ya kama da wuya su tashi, wallahi abin tausayi ne kaga ɗan agwagwa na buɗe baki yana neman iska.

Mazubin ruwa ka ɗora shi kan raga mai rami a ƙasa, ko ka fitar da shi waje da rana. Zurfinsa ya isa su tsoma kai gaba ɗaya don da haka suke wanke hanci da ido. Ƙara mazuban abinci yadda kowa zai samu wuri lokaci ɗaya, in ba haka ba ƙarfafa su ci, raunana su tsumbure.

Buɗe tagogi ta sama iska ta riƙa ratsawa. 'Yan ƙanana a satin farko zafin digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Celsius suke so, in suka ji sanyi ko tsoro taruwa suke a lungu suna hawa kan juna har na ƙasa su mutu, shi yasa ake kewaye su da kwali a zagaye, ba kusurwa.

Toro ɗaya ya ishi mata 5, in mazan sun yi yawa zasu fige wa matan ƙeya. Wadda aka fara figa har jini ya fito cire ta nan take, in suka ga jini basa bari. Kar ka haɗa manya da ƙanana, sabbin da ka sayo kuma ware su sati 2 tukuna. In ka wayi gari ka tarar da da yawa sun mutu lokaci ɗaya, kar ka taɓa su da hannu haka nan, kar ka sayar da sauran, kira likitan dabbobi saboda murar tsuntsaye.